Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Babban Jirgin Kamun Kifi da Ƙarami

Mai son kamun kifi don nishaɗi yakan tsaya gaban jirage biyu, ɗaya mai tsawon mita 4 ko 5, ɗaya kuma mita 7 zuwa sama, sai zuciyarsa ta karkata ga babban. A ganina bai kamata ido ya yanke wannan hukunci ba, domin jirgin da ya dace da kai shi ne wanda za ka iya fita da shi a kai a kai.

Da farko, tantance ruwan da ka fi shiga, ba wanda kake burin shiga sau ɗaya a shekara ba. Idan ƙananan koguna ne da tafkuna masu ciyawa, ƙaramin jirgin alminiyam mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi amfani, domin yana tafiya a ruwan da bai kai gwiwa ba, yana kuma kutsawa lungunan da kifi ke fakewa. A irin wannan wuri farfelar babban jirgi za ta sari laka ko ta naɗe ciyawa. A babban tafki ko bakin teku kuwa, inda iska kan taso ba zato, jirgi mai tsinin ƙasa yana tsaga igiyar ruwa, gefensa mai tsayi kuma yana tare ruwan da ke fantsamowa. Ƙaramin jirgi a nan sai ya riƙa dukan ruwa har ƙugunka ya gaji, iska tana kaɗa shi daga inda ka jefa fatsa. Wannan batu na rai ne, saboda haka kada ka ɗauke shi da wasa.

Na biyu, ƙidaya waɗanda ke raka ka da gaske. Yawancin jirage suna ɗauke da ɗan faranti daga masana'anta mai nuna iyakar mutane, iyakar nauyi da ƙarfin injin da aka yarda da shi. Haɗa nauyin mutanen da na batir, akwatin ƙanƙara, anka (ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi) da man fetur, wanda kowace lita tasa ta kai kimanin giram 750. Sannan ka tuna cewa masu jefa fatsa suna buƙatar fili, domin ƙugiya ba ta bambance kifi da kunnen abokin tafiya.

Na uku, duba motarka da wurin ajiya. Littafin motar yana faɗin nauyin da za ta iya ja, kuma lissafin ya haɗa da jirgi, inji, tirelar da ake ɗora jirgin a kai da kayan ciki. Mutum ɗaya yana iya saukar da ƙaramin jirgi a ruwa ya kuma fitar da shi, amma babba yakan nemi mataimaki, ko wurin ɗauri na haya. Wanda dole sai ya jira wani kafin ya fita, fitarsa takan yi ƙaranci.

Na huɗu, lissafa hidimar bayan saye, musamman mai da gyaran inji, domin duka biyun suna ƙaruwa da girman jirgi. Ka tabbata tankin zai ba ka damar kasa man kashi uku: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana.

Daga nan sai ka nemi a gwada maka kowanne a kan ruwa, a ranar da ake ɗan iska, sanye da rigar ceto. Miƙe tsaye, taka zuwa gefe kamar za ka ɗago kifi, ka lura da yadda jirgin ke karkatawa ta ɓangarenka da kuma saurin da yake daidaita. Idan na hannu ne, buɗe ƙasan ka duba tsaga ko ruwan da ya taru kafin ku shiga maganar ciniki.