Ga masu shirin barin Zariya zuwa Ingila: manhajar da za ta riƙe lissafin gida

Tun da muka dawo Samaru daga Ingila, da wuya a yi wata biyu wata ba ta yi sallama gidanmu da maganar tafiya ba. Yawanci matan malaman jami'a ne da mazajensu suka samu gurbin digiri na uku, domin tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Tambayarsu ba ta wuce rigar sanyi da inda ake samun naman halal. Ni kuwa lissafin kuɗi nake fara zaunar da su a kai.

A nan ana ganin fitar kuɗi da ido. Haya sau ɗaya ce a shekara. Da kaka maigida ya je kasuwar Giwa ya auno masara da wake, an huta. A can kusan komai wata-wata ne, kuma da kansa yake fita: a ba kamfani izini sau ɗaya, ranar da aka tsayar ya ciri nasa daga asusu, ko mutum na barci. Haya, wuta da gas, ruwa, intanet, layin waya, kowa da ranarsa. A watanmu na uku na shiga kanti da Ummi a keken jarirai, na cika kwando, kati ya ƙi biya. Na koma gefe na kira Baban Ummi, murya na rawa. Ashe kuɗin gas ne ya tashi saboda shigowar sanyi, ga wata rajista ta gwajin kyauta da muka manta ba mu soke ba. Madara da burodi kawai na ɗauka, sauran na mayar.

Saboda haka, ƙanwata, abu na farko da za ki nema a manhaja shi ne ta nuna miki abin da zai fita kafin ya fita. Ki fara da ta banki, ba sai kin biya ko sisi ba. Monzo da Starling bankuna ne da ke aiki ta waya, kuma duka biyun suna ba da damar kasa kuɗi gida-gida a cikin asusu ɗaya. Monzo na kiran nasa Pots, wato tukwane, Starling kuma Spaces. Ranar da kuɗi ya shigo a zuba na haya a tukunyarsa, na wuta a tasa, abin da ya rage shi ne na cefane. Wanda kuɗin karatunsa ke zuwa a dunƙule daga Najeriya ya fi kowa bukatar wannan, don kuɗin wata shida idan aka gan shi wuri ɗaya sai ya yi kama da arziki.

Akwai irin su Emma da Snoop, masu tattaro duk asusunku na can a fuska ɗaya. Suna aiki ne ta tsarin da aka fara a 2018, inda banki ke ba manhaja damar karanta shige da fice da yardar mai asusu. A manhajar bankinki za ki amince, kuma ki duba sunan kamfanin a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi a can. Duk wadda ta nemi ki rubuta mata lambar sirrinki, ki goge ta. Wata manhajar kasafi mai suna YNAB tana da kyau, tana sa a ba kowane fam aikinsa, amma bayan kwana 34 na gwaji ta kuɗi ce.

Inda na fi so ki natsu shi ne nan. Waɗanda suka ƙera manhajojin nan ba su san hidimarmu ba. Za ki ga gurbin cin abinci a waje, gurbin hutu, har na kare da kyanwa, amma babu na aika wa Hajiya, babu na layya, babu gudummawar biki da suna, babu kuɗin makarantar ƙanne, babu zubin adashe. Kuma waɗannan su ne ke karya kasafin Bahaushe a waje, domin da an ji kin sauka waya ba ta hutawa, kuma wasu buƙatun ba a iya kau da kai. Ki zaɓi wadda za ki iya ƙirƙirar gurbi ki sa masa suna da kanki. Mu Goodbudget muka riƙe, mai tsarin ambulan, ana shigar da duk abin da aka kashe da hannu. Muka buɗe ambulan muka sa masa suna "Gida", muna zuba kaɗan kowane wata, har da na ragon da za a yanka wa su Baba a Tudun Wada. Idan an aika, fam ɗin da ya fita a ranar ake rubutawa, ba nairar da ta isa ba, don canji ba ya zama wuri ɗaya.

Na san ba kowane maigida ke so a san abin da ke aljihunsa ba. Malam, ba a ce ka baje komai ba, amma na cefane da na kamfanoni ya kamata ku gani tare, a wayarka da tata, tunda ita ce a gaban mai kanti kana ɗakin karatu.

Sai a kula da riba. Wasu asusun suna barin a ci fiye da abin da ke ciki, su ɗora ruwa a kai. Kada ku karɓi wannan damar, kuma ku duba ko tukunyar ajiyar da kuka buɗe mai ruwa ce. Harajin gida na ƙaramar hukuma kuwa yawanci sau 10 ake biyansa, wata-wata, daga Afrilu zuwa Janairu. Ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biya, amma sai an kai takardar shaida daga jami'a, kuma ku tambayi matsayin matar tun a makon farko.

Manhaja tana iya mutuwa. An rufe wata manhajar lissafin kuɗi mai suna Money Dashboard a Oktoban 2023, mutane suka koma neman wata. Ki tabbata taki na barin a sauke lissafi a ajiye a kwamfuta. Kuma kada ki jira sai kin sauka: ki sa ta tun yanzu, ki yi wata guda kina shigar da cefanen kasuwar Samaru, daga attaruhu har kuɗin Keke Napep, don hannu ya saba kafin ranar jirgi.