Kurakuran da ƙungiyoyin rawa ke yi wa muhalli in sun fita yawon wasa, da yadda za a gyara

Da zarar an kai amfanin gona gida, ƙungiyoyin rawa na Katsina da Daura ba sa ƙara samun zama sai damina ta faɗi. Yau biki a Mashi, jibi naɗin sarauta a Dutsin-Ma, mako mai zuwa a tsallaka Maraɗi ko Damagaram, ga kuma waɗanda ake zaɓa su wakilci jiha a bikin al'adu na ƙasa, wato NAFEST, da ake yi tun 1970. Sana'a ce mai ciyar da gidaje, kuma ita ke riƙe mana kiɗa da taken da muka gada. Sai dai kowace fita tana barin sawu: hayaƙin mota, na janareta, leda, baƙin mai, itacen da aka ƙona. Mu kuwa a bakin hamada muke zaune. Katsina tana cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare kwararowar hamada. Wanda ke zaune a nan ba sai an yi masa dogon bayani a kan iskar bazara mai ɗauke da rairayi ba.

Abin da nake so shugabannin ƙungiyoyi su fara ganewa shi ne, yawancin ɓarnar ba a filin wasa ake yin ta ba. Tun ranar da aka karɓi goron gayyata aka yanke ta.

Kuskure na farko, wanda kuma ba a cika ɗaukarsa kuskure ba, shi ne karɓar kowace gayyata ita kaɗai, a je a dawo, gobe a sake ɗaukar hanyar da aka biyo jiya. Ƙungiyar Daura ce za a kira Kazaure ranar Juma'a, a kira ta Kano ranar Lahadi, sai ta koma gida daren Juma'a ta sake fitowa, alhali Kazaure a kan hanyar Kanon take. Haka 'yan Katsina ke yi da Malumfashi da Funtuwa. Ita lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ta dizal kuwa wajen kilo 2.7. Mu ɗauka motarku ta sha lita 40 zuwa Kano da dawowa, tunda tsakanin Katsina da Kano kimanin kilomita 170 ne. Wannan ya haura kilo 90, kusan nauyin buhun gero ke nan aka watsa sama, ba a ganinsa ne kawai. Tun kuma da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu ma'ajin ƙungiyar da bai san zafin wannan lissafi a aljihu ba.

Gyaran ba ya buƙatar na'ura. Sakatare ya ajiye littafi guda na gayyata, kada a amsa wa kowa nan take. A ce wa mai gayya a ba mu kwana biyu mu duba. Sannan a jera garuruwan bisa hanya, a ga wanda za a iya haɗawa da wani. Biki da suna ba sa matsawa, gaskiya ne, amma wasan makaranta, ko na ƙungiyar matasa, ko na ƙaddamar da wani aiki, sau da yawa in an roƙa ana matsar da shi kwana ɗaya ko biyu. In akwai rana guda fanko tsakanin wasanni biyu, kwana a can ya fi komawa gida, musamman in an shirya da mai masauki tun farko. Ranar ma ba ta tafiya a banza: a shiga wata makaranta a koya wa yara taku, ko a zauna da makaɗan garin a ji nasu salon. Abu guda dai ba a cinikinsa, shi ne tsaro. Hanyar da ba ta da lafiya ba a bin ta don ta fi gajarta, kuma ba a tafiyar dare don tsimin mai.

Sai maganar motoci, wadda ita tana taɓa girma, shi ya sa ake jin nauyin faɗinta. Shugaba a motarsa da mutum biyu, mai ɗaukar nauyi a tasa, mata a wata, kaya a wata. Motoci huɗu domin mutanen da bas ɗaya ko biyu za su kwashe. Bas cike da mutane ita ce hanya mafi sauƙin hayaƙi da muke da ita a yanzu, kuma shugaban da ya zauna gaba kusa da direba girmansa bai ragu ba, yaransa ma sun fi sakin jiki da shi. Kafin a tashi a duba iskar taya, don taya mai laushi tana ƙara shan mai. Kayan da aka tula a kan rufi har suka yi tozo suna kokawa da iska, gara a cire kujerar baya a shigar da su ciki. In an tsaya salla ko cin abinci a kashe inji. In an yi juyen baƙin mai a hanya, kada a bari a tuttular da shi a ƙasa, a zuba a galan a bar wa bakanike. Jirgin sama kuwa a bar shi sai tafiyar da ba makawa, irin ta ƙetare, kuma ko a nan a rage yawan masu rakiya. Layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, in Allah ya sa ya fara aiki, zai sauƙaƙa wa masu wannan sana'a sosai.

Wasu kuma sai sun kwashi komai daga gida: lasifika, kujeru, tabarmi, har da janareta. Duk garin da ake biki akwai masu hayar waɗannan. A yi waya tun da wuri a ji abin da ke can. Kalangu da ganga da kotso kam, waɗannan sai na mutum. Makaɗi ya san muryar gangarsa, ban ce ya yi aro ba.

Shi janaretan, kuskuren da ake yi da shi biyu ne. Na farko, a hayo babba a kan aikin da ƙarami zai yi, ya yi ta ruri tun la'asar alhali ba a fara wasa ba sai bayan isha'i. Na biyu, fitilu. Tsofaffin fitilun nan masu zafi na wat 500 su ke tilasta neman babban inji, alhali fitilar LED ta wat 100 ko ƙasa da haka tana haska fili daidai gwargwado, ba ta kuma gasa 'yan rawa. In an sauya fitilu, sai a ga batir da aka caja da sola ya riƙe ƙaramin wasa, a bar janareta a gefe don ko-ta-kwana. Makirfo marar waya a saya masa batir mai caji, a daina zubar da matattu a fili inda yara ke tsinta suna fasawa. Kuma ni a ganina an yi saurin mance cewa rawarmu ta dandali ce. Tsakanin la'asar da magariba hasken Allah ya isa, ganga kuma ba ta taɓa neman lasifika kafin a ji ta a ƙarshen unguwa ba. Ƙarar da ake ƙurewa har tsakar dare tana hana marar lafiya da tsoho barci, ita ma cutar da maƙwabci ce. Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: kada a taɓa shigar da janareta ɗakin kwana ko zaure a rufe don tsoron ɓarawo. Hayaƙinsa yana da guba marar wari da ke kashe mutane suna barci.

Yanzu leda. Duk wanda ya taɓa bi ta filin wasa da sassafe bayan an watse ya san abin da nake nufi. Ledojin fiya wata sun rufe ƙasa, wasu da sauran ruwa a ciki, robobin abinci da miya ta bushe a jikinsu, baƙaƙen ledoji sun maƙale a ƙaya, awaki kuma sun riga kowa isowa suna lasa suna haɗiya. Ku tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbin akuya ko saniya, dunƙulen leda ne da ya hana dabba cin abinci har ta rame. Wadda ba ta shiga cikin dabba ba tana jiran ruwan farko ya tura ta kwata ta toshe. Jaka ɗaya ta fiya wata leda 20 ce, kuma mai rawar koroso da ya yi tsalle da juyi a rana ba leda ɗaya ko biyu zai sha ba. A lissafa mutum 25 na kwana uku a ga tulin da za a bari.

Nan ma ana yin kuskure a wajen gyaran. Sai a share a tara, a cinna wuta, a ce an tsaftace. Hayaƙin roba guba ne ga huhu, musamman na yara da masu asma, kuma su 'yan rawa da numfashi suke neman abinci. Abin da ya fi shi ne a rage ledar tun daga tushe. Manyan jarkoki biyu ko uku masu murfi na ruwa mai tsabta, kowa da gorarsa da aka rubuta wa suna, a cika a duk inda aka sauka. Abinci a ce wa mai masauki ya kawo a kula da faranti ko tire, yadda aka saba ci tare. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci tun watan Janairun 2024, mu ba sai mun jira doka ba. A rataya buhuna a gefen fili, sanƙira ya sanar tun kafin a buga gangar farko, ya sake tunatarwa kafin a tashi. Mutane suna jin maganar sanƙira fiye da ta allon sanarwa. Gorunan roba da gwangwani a ware su daban, akwai masu saye.

Allon talla na roba da ake bugawa kowace tafiya, a daina sa masa kwanan wata da sunan gari. Sunan ƙungiya kaɗai ya isa, sai ya yi shekaru yana aiki. Haka anko. Ba kowace gayyata ce ke buƙatar sabon ɗinki ba. Saƙi da yadin auduga da aka rina a marina suna jure wanki da gyara, sun kuma fi shan gumi a kan yadin roba mai ƙyalli da ke yagewa bayan wasa kaɗan.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan nauyi a wurina, shi ne ado da sassan namun daji. Fatar damisa a kafaɗa, fatar mesa, gashin jimina, ƙahon barewa. Wanda aka gada daga kakanni a adana shi, a kula da shi, kayan tarihi ne. Amma sayen sabo yana nufin an aika maharbi daji ke nan. Jiminar yankinmu ta kusa ƙarewa a daji, damisa kuma tana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya ta CITES ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, Najeriya ma tana da dokarta a kan haka tun 1985. Ƙungiyar da ta nufi iyakar Jibiya ko Kwangwalam da irin waɗannan kaya tana iya jawo wa kanta ƙwace da tsarewa. Dukawanmu sun iya jeme fatar akuya su zana ta, daga nesa ba mai bambancewa. Gashin jimina kuma a tabbatar na kiwo ne.

Gangar kanta itace ce. Masassaƙa suna neman irin su alilliba da ƙirya, kuma kowa ya san yanzu sai an yi nisa kafin a sami babba wanda zai yi. Don haka kada a jefar da kwangon ganga don fata ta fashe ko ya ɗan tsage. A sake fata, a sake tsirkiya, a liƙe tsagar. A mota a naɗe ta da bargo, kada a bar ta a rufi rana na dukanta. Masu girkin tafiya su ma su rage murhun duwatsu uku a fili inda iska ke kwashe rabin wutar. Murhu mai tsimin itace ko ƙaramar tukunyar gas ba su da wuyar ɗauka.

Daga nan sai dashen hoto. Ƙungiya ta ga ana maganar muhalli, sai ta dasa itatuwa ranar wasa a tsakiyar rani, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a hau mota. Bayan mako biyu akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone sauran. Dashe ba ya goge hayaƙin da aka riga aka saki nan take, itace sai ya yi shekaru yana girma kafin ya zuƙe wani abin kirki. In za a yi, a yi shi a gida, a farkon damina, kaɗan da za a iya shingewa a ba su ruwa har su wuce bakin dabba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna wata hanyar tun shekarun 1980: maimakon sabon dashe, manoma suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa da ke fitowa da kansu a gona suna yi masu aski, har miliyoyin hekta suka sake yin itace. Yawancin 'yan rawarmu manoma ne da damina, wannan a hannunsu yake.

Duk waɗannan suna rushewa ne a wuri ɗaya: ba a ɗora wa kowa ba. Ƙungiya tana da sarkin kiɗa, tana da ma'aji, tana da mai kula da kaya, to a naɗa mutum ɗaya mai kula da ruwa da shara da mai, a ba shi iko na gaske, har ya iya ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, mota ɗaya ta ishe mu." Ya riƙa rubuta litar da aka sha a kowace tafiya, a karanta a taron ƙarshen wata. Sannan lokacin da ake ciniki da mai gayya, bayan an gama maganar kuɗi da masauki, a ƙara tambaya huɗu: akwai wuta ko sola a wurin, ina za a ɗebi ruwan sha, a me za a kawo abinci, kuma wa zai kwashe buhunan shara washegari, ina zai kai su.