Yadda Ƙungiyar Manoma Za Ta Sa Gwamnati Ta Raba Noma da Jarkar Fetur

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, manomin rani a Dadin Kowa da ke Jihar Gombe ya san cewa ribar shinkafarsa a jarka take ƙarewa. Injin ban ruwa fetur yake sha, injin casa da motar dakon kaya dizal suke ci, hatta takin yuriya da iskar gas ake sarrafa shi. Mutum ɗaya ba zai iya kwance wannan ƙulli ba, sai manufar gwamnati ta sauya, kuma akwai hanyar da ake bi.

Ku fara da lissafi kafin ku nemi ganin kowa. Kowane ɗan ƙungiya ya buɗe littafi ya riƙa rubuta litar man da ya zuba, da kuɗinta, da buhunan da ya girbe a kakar, domin ɗan majalisa yana iya kawar da kai daga koke-koke, amma da wuya ya musanta alƙaluman manoma ɗari da suka sa hannu.

Daga nan sai ku tsayar da buƙata guda, kada ku tafi da goma. A ganina, wadda ta fi ita ce a daina rabon injinan fetur da sunan tallafi, a mayar da kuɗin ga famfunan sola da ƙungiya za ta biya kaɗan-kaɗan bayan girbi, tare da horar da matasan garin gyaransu. Famfon da ya lalace babu mai gyara, kwanciya yake yi a zaure, manomi kuma ya koma gidan mai. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwan Dadin Kowa kuwa suna da hujja mai ƙarfi: tashar Dadin Kowa tana samar da lantarki daga ruwan Gongola, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, saboda haka ku nemi a ja layi zuwa gonaki da injinan casa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ku miƙa takardarku ga ma'aikatar gona da kwamitin noma na Majalisar Dokokin Jihar Gombe kafin gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi, ku karɓi kwafi mai hatimi. Idan an sanya buƙatar a kasafin, ku wakilta mutum biyu su riƙa bibiya duk wata uku har a saki kuɗin.