Yadda mai sikila zai rage kasala da yawan tashin ciwo a Kaduna

Mutane sun fi sanin sikila da ranar da ciwo ya tashi, ƙasusuwa na sara kamar ana daka su. Amma abin da ya fi daɗewa a jikin mai ita shi ne kasala, wadda a gida ake yawan kira raki ko son jiki. Ba raki ba ne. Ƙwayar jan jinin mai lafiya tana yin kusan kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Jiki kullum cikin ƙarancin jini yake, don haka ƙarfin da ka tashi da shi da safe ƙayyadadde ne, kamar kuɗin cefane. Abin da za ka koya shi ne yadda za ka raba shi ya kai ka dare.

Fara da sanin awon jininka na lokacin da kake lafiya lau. Yawancin masu sikila nau'in SS haimoglobin ɗinsu, wato awon jan jinin, tsakanin 6 ne zuwa 9, kuma kowa da inda nasa yake tsayawa. Idan ka je asibitin da kake da kati, Barau Dikko ne ko Shika ko wani, ka roƙi a gaya maka adadin, ka rubuta a ƙaramin littafi. A nan za ka riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi da abin da ka yi kafin ya tashi. Bayan 'yan watanni littafin da kansa zai nuna maka abin da jikinka ba ya so.

Na biyu, ruwa. Babban mutum yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a wuni, wato ledar fiya wata 6 zuwa 8, sai dai idan likita ya taƙaita maka saboda ƙoda ko zuciya. Ba a lokaci ɗaya ake ɗurawa ba, kaɗan-kaɗan ne tun daga asuba. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi duhu, ka yi sake. Zoɓo da kunun aya suna taimakawa, amma ruwa mai ƙanƙara a bar wa masu lafiya.

Daga nan sai ka tsara rayuwarka bisa yanayin garin, domin a Kaduna kowane lokaci da irin tarkonsa. Hunturu, musamman Disamba da Janairu, shi ne mafi sharri. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, iska busasshiya tana zuƙe ruwan jiki, ga shi mutum ba ya jin ƙishirwa balle ya sha. A wannan lokaci wanka da alwala duk da ruwan ɗumi ake yi, kuma wankan ya fi kyau da hantsi. Wanda zai fito daga Rigasa ko Kawo da sassafe a kan acaɓa, iska na dukan ƙirjinsa har cikin gari, ya sayi ciwo da kuɗinsa. Gara Keke Napep, ka zauna a tsakiya, da rigar sanyi da safa da hula. A Maris da Afrilu zafi ne ke cin ruwan jiki, sai ka ƙara abin da kake sha, ka bar yawon kasuwa sai bayan la'asar. Da damina kuma dukan ruwa da sauro ne abokan gaba: kada jiƙaƙƙun kaya su bushe a jikinka, kada ka kwana ba gidan sauro. Wani wurin da ake mantawa shi ne jirgin ƙasan Abuja da ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki. Ko ana tsakiyar bazara, rigar sanyi ta kasance cikin jaka.

Sai rabon ƙarfi, wanda a ganina shi ne mafi wuya, don yana haɗuwa da kunya. Ranar da ka tashi garau ita ce ranar hatsari. Sai mutum ya ce bari ya rama kwanakin da ya yi a kwance: a yi wanki, a je Kasuwar Barci, a biya gidan suna, washegari kuma a kwanta. Ka zaɓi babban aiki ɗaya a rana. Ka huta tun kafin ka gaji, ba bayan numfashi ya fara sama-sama ba. Abin da za a iya yi a zaune, kamar yankan alayyahu ko guga, a yi shi a zaune. Biki na kwana huɗu, zaɓi wuni ɗaya ka halarta. Uwar da ke da 'ya mai sikila ta saba da faɗa wa dangi, “Yaya, ku yi mata uzuri, yau ba za ta iya daka ba,” ba tare da jin nauyi ba. Wannan ba ya nufin zama wuri ɗaya. Tafiya a hankali ta minti 15 zuwa 20 da yamma tana rage kasala, in dai kana iya yin magana kana tafiyar.

Magani kuwa, folik asid da rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka rubuta maka ba a tsallake su. Idan ciwo na yawan tashi, tambayi likita batun hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashinsa, amma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma mai ciki ko mai neman haihuwa dole ta sanar da likita. Abin da nake so a guje wa shi ne “maganin ƙarin jini” na kemis. Yawancinsu sinadarin ayon ne, wato sinadarin ƙarfe, alhali ƙarancin jinin sikila ba daga rashin ayon yake zuwa ba, kuma wanda aka sha yi wa ƙarin jini ayon ɗin ma yawa yake yi masa, har ya taɓa hanta da zuciya. Haka magungunan kashe zafi irin diclofenac da ibuprofen, yawan shan su yana lalata ƙoda. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ma ƙodar da hantar suke komawa. Abinci dai a ci wake, zogale, rama, ƙwai da kifi gwargwadon hali.

Batun azumi, a ji ta bakin likita tun watan Sha'aban. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, malamai kuma za su yi maka bayanin ramuwa ko ciyarwa.

Idan ciwo ya fara taɓa ka a gida, sha ruwa, sha maganin da aka rubuta maka, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ƙanƙara ba ta zuwa kusa. Amma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko tafin hannu ya yi fari fat, waɗannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Haka namijin da gabansa ya miƙe da zafi ya ƙi kwanciya har awa 2. Don irin wannan dare, ajiye jaka a bakin ƙofa da katin asibiti, littafin nan naka, bargo, da lambar mai Napep ɗin unguwa wanda ka san zai ɗaga waya.