Yadda nake shirya zuciyata a kwanakin da ke gaban Ista

Da zarar an tashi sujadar Lahadin Dabino, wato Lahadin da ke gaban Ista, hirar ƙofar majami'armu ba ta wuce ta tela da kasuwa: an gama ɗinki ko ba a gama ba, nawa kaza ta kai, nawa kwanon shinkafa. Ba laifi ba ne, ni ma ina da 'ya'ya huɗu masu jiran sabon kaya. Amma fiye da shekara ashirin ke nan da na baro Zuru na zauna a Sakkwato, kuma na sha ganin yadda mukan isa safiyar Ista da sabuwar atamfa, zuciya kuwa tana nan yadda muka bar ta tun Kirsimeti. Shi ya sa nake so in faɗa muku yadda nake tafiyar da wannan mako, ko wani zai sami abin ɗauka.

Ku fara da sallamar kasuwa. Duk abin da ba ya lalacewa, shinkafa, mai, kayan yaji, ɗinkin yara, ina gama da shi kafin Talata. Wanda ke zaga kasuwa ranar Juma'a da rana yana neman takalmin yaro, hankalinsa ba zai taɓa zuwa Golgota, inda aka gicciye Yesu, ba.

Sai ku zaɓi lokacin karatu, ku zaɓe shi da sanin garin da kuke ciki. Tun taron shugabannin ikkilisiya a garin Nisiya a shekarar 325 ake bin cikar wata wajen sa ranar Ista, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A wurinmu tsakiyar bazara ke nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaki ya zama tanda, wuta kuma ta zo ta ɗauke yadda ta ga dama. Wanda ya ce sai dare zai yi karatu, gajiya da gumi za su kwantar da shi. Ni da asuba nake yi, a tsakar gida inda muke kwana, kafin yara su motsa. Bisharar Markus nake bi, domin cikin surorinta 16, shida na ƙarshe duk a kan wannan mako ɗaya suke. Lahadi sura 11, shigar Yesu Urushalima a kan jaki da korar 'yan kasuwa daga Haikali. Litinin 12, Talata 13. Laraba farkon sura 14 kawai, labarin matar da ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu a ka, da Yahuza da ya tafi wurin manyan firistoci. Ragowar 14 ta Alhamis ce, 15 ta Juma'a. Sura 16 kuwa ba na buɗe ta sai safiyar Lahadi. Ku karanta da murya, a hankali, kuma a kowace rana ku tambayi kanku wa kuka fi kama a cikin mutanen da ke wurin. Ni na fi samun kaina a jikin Bitrus, almajirin nan mai alkawari da ƙarfi, mai musun sanin Yesu a gaban baiwa.

Yanzu ga abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan makon gaba ɗaya: ku shirya da wanda kuke gaba da shi, kuma ku yi kafin Alhamis.

Dalilin sa wa'adin shi ne, ranar Alhamis ake tunawa da daren da Ubangiji ya ba almajiransa gurasa da ƙoƙo, majami'u da yawa kuma suna cin Jibin Ubangiji a wannan yamma. Manzo Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa kowa ya binciki kansa kafin ya ci. Yesu da kansa, a Matiyu 5:23-24, ya ce idan ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ku lura, bai ce in kai ne kake jin haushinsa ba. Cewa ya yi in shi ne yake da magana a kanka.

Na daɗe ina karanta wannan ayar ba ta taɓa ni ba, sai shekarar da muka saɓa da wata babbar 'yar'uwa a Zumuntar Mata kan kuɗin adashi. Na faɗa mata magana mai zafi a gaban mutane. Wata bakwai muna zama a benci ɗaya, muna raira waƙa ɗaya, ba ma gaisawa. Ranar Larabar makon na karanta labarin matar mai turare, na ga yadda ta fasa abu mafi tsada da take da shi, ni kuwa girman kaina na kasa fasawa. Bayan la'asar na hau kabu-kabu zuwa gidanta a Mabera. Na tarar tana tankaɗe. Na durƙusa na ce, "Yaya, gafara na zo nema. Abin da na faɗa miki a gaban mata bai dace ba." Ta daɗe ba ta ɗago ba. Daga baya ta ce, "Tashi, ƙanwata, ƙasa akwai zafi." Ta ɗebo mini ruwan randa. Maganar kuɗin ba mu warware ta a ranar ba, sai bayan mako biyu a gaban shugabar zumunta, amma washegari mun ci Jibi kusa da juna.

Ga abin da na koya game da yadda ake yin sa. Ku je da ƙafarku, kada ku tura saƙo a waya. Zumunci a ƙafa yake. Ku ambaci laifinku da sunansa, ban da "in na yi miki laifi". Kada ku kawo nasa laifin a wannan zama, ko da ya fi naku girma. In ya ƙi karɓa, ku yi sallama cikin ladabi ku ci gaba da yi masa addu'a, naku nauyin kun sauke. In bashi ne kuma, ku tafi da ko kaɗan daga cikin kuɗin a hannu. 'Yan'uwanmu Katolika suna da gatan zuwa furta zunubi gaban Fada a wannan mako, ƙanwar mijina ba ta fashi, ita ce ma ta ce mini furtawar ba ta hana mutum zuwa ƙofar wanda ya ɓata wa rai. Mu da ba mu da wannan tsari, Zabura 51 a kan gwiwa tana taimako ƙwarai.

Azumi kuma, a yi shi da hankali. A ƙa'idar Katolika, ranar Juma'a mai kyau ana barin nama, kuma masu shekara 18 zuwa 59 suna cin cikakken abinci sau ɗaya ne. A majami'armu kowa da yadda ya ɗauka; ni nakan bar abinci daga safe zuwa ƙarfe uku, daga Laraba har Juma'a. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, da wanda ke wuni a rana yana neman abin kai wa gida, kada zafin Sakkwato ya kayar da ku: ku sha ruwa, ku nemi wani abin ku bari, kamar waya ko yawan hira. Kuɗin abincin da ban ci ba ina jefa shi a gwangwani, ranar Asabar in kai wa wata gwauruwa a layinmu, domin Ishaya 58 ya haɗa azumi da raba abinci da mayunwaci. A 2023 da 2024 makon ya faɗo cikin Ramadan, maƙwabciyata tana aiko mana kunu da ƙosai lokacin shan ruwa. Ganin yadda ita da yaranta ke jure ƙishirwar bazara ya sa na ƙara riƙe nawa da gaske.

Alhamis da dare, bayan sujada, mukan karanta Yohanna 13 a gida. Mijina yakan ɗauko buta da roba ya wanke ƙafafun yara. Shekarar farko dariya suka yi, yanzu babban ne ke riƙe tawul. Kafin ku kwanta ku yi ƙoƙarin yin tsaro ko na sa'a ɗaya, wadda almajirai suka kasa a Getsamani.

Juma'a hutu ce ta gwamnati, kada ta tafi a wanki da barci. Markus ya ba mu sa'o'in: ƙarfe tara na safe aka gicciye Yesu, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku. A waɗannan sa'o'i uku muna kashe rediyo da talabijin, in ba mu majami'a. Ku karanta Ishaya 53 da Zabura 22. Masu bin Hanyar Gicciye, tattakin addu'a na tunawa da wahalar Yesu, da tashoshinta 14, ku riƙe ruwa da laima saboda tsofaffi da yara.

Asabar ita aka fi yi wa rashin adalci, don ranar ce ta fige kaji da kitso. Ni ma ina yi, amma sai bayan azahar. Luka ya ce matan da suka ga inda aka sa gawar Yesu sun koma sun haɗa kayan ƙanshi, sa'an nan suka huta ranar Asabar bisa ga doka, ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Da safe nakan zauna shiru kamar su, in tuna mahaifiyata da ke kwance a Zuru, da ɗana na biyu da bai cika shekara ba ya rasu. Da dare ƙanwar mijina takan wuce babban cocinsu na Holy Family, inda ake hura sabuwar wuta a kunna kyandir cikin duhu. Ni kuwa nakan goge kayan yara, in jiƙa zoɓo, in sa alama a Markus 16, in ajiye Littafi Mai Tsarki da tocila a gefen tabarma saboda asuba.