Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa daga kusa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da agwagin da ke tasowa daga Turai suke tarar da kirinjijiya da ɗinya a tafkunan yankin Damagaram irin na Gidimuni. A isa bakin ruwa bayan sallar asuba, cikin tufafi masu launin ƙasa, domin farar riga tana korar tsuntsu tun daga nesa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne zama. A nemi gindin kacalla, wato doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, a juya wa rana baya, a kwanta rub-da-ciki bisa tabarma har kyamara ta zo daidai da idon tsuntsun, sannan a yi shiru, domin kirinjijiya tana dawowa da kanta idan motsi ya ɗauke. A saita kyamara kan idon kirinjijiyar, da saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa, don ɗigon ruwan da ke zuba daga bakinta ya fito sarai.

Kada a kusanci sheƙa ko ƙwai. Ranar hazo kuwa a naɗe kyamara cikin ƙyalle, saboda ƙura tana shiga gilashi.