Yadda Baƙo Zai Yi Sayayya Ya Ci Abinci a Tsakiyar Abuja Cikin Yini Guda

Abuja ba garin da ake zagawa da ƙafa ba ne, domin unguwanninta a warwatse suke, kuma tun shekarar 2006 aka hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar birnin. Saboda haka, kafin ka fito daga masauki, ka tsara yininka unguwa bayan unguwa, ka kuma kira mota ta manhajar waya maimakon tsayar da kowace ka gani a bakin titi, saboda akwai ɓarayi masu fakewa da sana'ar tasi.

Ka fara da Kasuwar Wuse da hantsi, kafin rana ta take, kafin kuma wurin ajiye motoci ya cika. A nan ne za ka sami atamfa, shadda, leshi, takalma, turaren wuta da kayan miya, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Kada ka saya a shagon farko. Ka tambayi kuɗin yadi iri ɗaya a shaguna uku, ka murza shaddar da yatsa, ka ɗaga ta a haske ka ga saƙarta, sannan ka taya. Idan ka ce, “Alhaji, nawa ne gaskiyarta?” ya faɗa, ka taya ƙasa da haka, ya ce “albarka”, to ciniki bai mutu ba, ka ƙara kaɗan cikin mutunci har ya sallama. Ni dai ban taɓa ganin amfanin kushe kayan mutum don a rage maka kuɗi ba, fara'a ta fi saurin sauko da farashi. Yaron da zai tura maka kaya a baro kuwa, ku yi jinga tun kafin ya ɗora.

Mai buƙatar canjin kuɗin waje ya biya ta Wuse Zone 4, inda 'yan canji suke, ya shiga ofishi, kada ya tsaya a titi. Mai neman waya ko kwamfuta ya nufi Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, ya kunna abin a gaban mai shago, ya gwada shi sosai, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shagon.

Azahar ta same ka a Wuse 2, domin titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola cike suke da gidajen abinci, daga masu tuwon shinkafa da miyar taushe har na 'yan Labanan da na Sin. Ka duba takardar farashi kafin ka zauna, kasancewar manyan wurare kan ƙara harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wasu har da ladan hidima. Idan ranar Juma'a ce, ka yi sallah a Masallacin Ƙasa, inda masu huluna, turare da littattafai ke baje kolinsu, amma ka fita da wuri saboda cunkoso.

Bayan la'asar sai Area 1 a Garki don tsarabar kilishi. Masu sayarwa za su yi ta miƙo maka ɗanɗano, kuma karɓa ba laifi ba ne. Ka zaɓi wanda ya bushe sarai, mai ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta, ka ce a naɗe maka a takarda, domin leda kan sa ya yi gumi a hanya.

Da magariba, mai iyali zai fi samun natsuwa a Jabi Lake Mall, a bakin tafkin Jabi. Wanda ke son gasasshen kifi ya tafi kasuwar Barikin Mogadishu, ya nuna kifinsa da hannu, a daidaita kuɗi kafin a ɗora shi a wuta. Sai dai hanyar ita ce ta Nyanya da Mararraba, wadda ke cushewa idan ma'aikata suka tashi, don haka gara ka jinkirta har bayan isha'i.